Murhun Itace Ko Tukunyar Gas: Wanne Za Mu Ɗauka?



Yau maganarmu a kan wutar tsakar gida ce. Yanzu idan mutum ya shiga kasuwar Ɗambatta ko ta Bichi zai ga tukwanen gas a jere. Akwai mai kilo 3, akwai mai kilo 6, akwai babba mai kilo 12 da rabi. Mata da yawa suna tambaya: shin mu bar murhu mu koma gas?

Amsata ita ce, kada a yi gaggawar rushe murhu. A fara duba aikin da kowanne yake yi.

Mu fara da itace. A ƙasarmu babu daji, gona ce ke bin gona. Itacen da muke ƙonawa na gonarmu ne, sai karan dawa da na gero. A shekarun 1980 malaman Jami'ar Bayero da abokan aikinsu sun ƙirga bishiyoyin gonakin kewayen Kano. Sun tarar manoma ba su ƙarar da su ba. Dalili kuwa shi ne, manomi reshe yake sarewa ya bar uwar. Darbejiya in an sare reshenta tana sake tohowa. Gawo yana zubar da ganye da damina, ga taki, kuma ba ya yi wa shuka inuwa. Wanda ya kayar da gawo ko ɗorawa saboda tuwon wata ɗaya ya yi asara. Sannan tokar murhu ba shara ba ce. Tana zuwa juji, jaki ya kai ta gona a mangala.

Amma itace yana da cuta, ita ce hayaƙi. Uwargida tana fifita wuta, ido na hawaye, goyo a baya yana shaƙa. Daga nan ne tari da ciwon haƙarƙari ke kama yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum fiye da miliyan 3 a duniya.

Murhun duwatsu uku kuma yana da ɓarna, domin iska na kwashe zafin ta gefe. Maganin wannan ba ya cin kuɗi. A kwaɓa laka a kewaye duwatsun, a bar ƙofa ɗaya ta sa itace. Tukunya ta zauna daidai bakin murhun. A busar da itace kafin a ƙona, ɗanyen itace shi ne mai hayaƙi. Girkin kuma a yi shi a fili ko a rumfa mai shan iska.

To, gas fa? Ba hayaƙi, ba baƙin tukunya. Da damina, ranar da kara ya jiƙe, nan take ka dama kunu ko ka dafa wa mara lafiya ruwan zafi. Matsalarsa kuɗi. Gas ba ya fitowa a gona. Sai an ɗauki tukunyar a babur an kai gari an cika. Ran da ya ƙare ana tsakiyar tuƙa tuwo, maƙwabci ba zai iya ɗebo maka kaɗan ba. Kuma gidan mutum ashirin, in aka ɗora wake ko tuwo a kan gas kullum, aljihun maigida zai faɗa masa gaskiya.

Don haka babbar tukunya, da girkin suna ko biki, a bar wa murhun laka. Ƙananan girki da na damina a ba gas, ga wanda yake da hali.

Mai gas ya kiyaye. Tukunyar ta zauna a tsaye, a inuwa, nesa da murhu, ba a ɗakin kwana ba. Gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya. Idan an ji warinsa, kada a ƙyasta ashana. A rufe kan tukunyar, a buɗe ƙofa, kowa ya fita. In ana zargin tiyo ya huje, a shafa masa kumfar sabulu. Wurin da ya huje zai yi ta tasowa.

Saura maganar hunturu. Jin ɗumi aikin itace ne, a tsakar gida, ana hira. Amma kada a shiga da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa a kwanta. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Kafin a kwanta a fitar da kaskon waje, a kashe wutar da ƙasa ko ruwa.