Asibiti Ba Kotu Ba Ne

Tun ranar 17 ga Mayun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire son jinsi ɗaya daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa. Amma har gobe akwai masu karɓar kuɗin iyaye da alkawarin warkar da ɗan daudu, ko da ɗaurin mari da bulala. Ina hujjarsu? Abin da bincike ya tabbatar a Abuja shi ne, bayan dokar 2014 da ta haramta auren jinsi ɗaya, maza masu neman maza sun ƙara jin tsoron zuwa asibiti. Mai ƙanjamau kuwa da zarar wannan tsoro ya sa ya daina shan magani, ƙwayar cutar sai ta sake yaɗuwa a jininsa. Likitoci da nas-nas, ku duba majinyaci, ku rufa masa asiri.