Zakara Mai Cutar Kaji: Jawabi A Taron Ƙungiyar Ɗalibai



Kada ku raina zancen kaji, domin da kuɗin ƙwai mahaifiyata ta saya mini littattafai. A hutun da ya wuce na tarar tana da kaji 12 da zakaru 4. Gashin bayan kajin duk ya zube, ƙeyarsu jina-jina, ƙwai kuma ya ragu. Ita tana zargin ƙuma, alhali kuwa zakarun ne.

Dalili shi ne, zakara yakan cafki ƙeyar kaza da baki, ya taka bayanta da farata sa'ad da zai hau ta. Idan zakaru sun yi yawa, kaza ba ta samun hutu, ko tsaba ba ta iya tsayawa ta ci. Zakara 1 ya ishi kaji 8 zuwa 10.

To, mene ne magani? A rage zakaru. A ware kazar da ta ji rauni har ta warke, domin 'yan'uwanta suna ganin jini za su yi ta sararta. A rage wa zakara tsinin farata, a kulle mai zafin a akurki na 'yan kwanaki. Ku kuma sani, kaza tana yin ƙwai ko babu zakara, ƙyanƙyasa kaɗai ke bukatarsa.

Wanda ya ƙi saduda kuwa, sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Namu 3 sun shiga tukunya, kajin suka murmure.