Jawabin Magatakarda Ga 'Yan Kasuwa: A Rubuta, A Kuma Karanta Mana

Ya ku 'yan'uwana talakawa, yau maganar littafin asibiti zan yi muku.

A ɗakin shan magani akwai littafin da malami ke rubuta sunan majiyyaci, da unguwarsu, da cutarsa, da ranar da ta fara. In an ga mutum biyar daga lungu ɗaya suna amai da gudawa, to an san rijiyar da za a bincika.

Ku tuna 2014, da cutar Ebola ta shiga Ikko. Ma'aikata suka rubuta duk wanda ya yi cuɗanya da majiyyaci, suka riƙa duba shi har kwana 21. Mutum 20 suka kamu a ƙasar nan, 8 suka rasu, cutar ta tsaya. Amma a 1996 sanƙarau ya yi nisa kafin a tare shi, ya kashe fiye da mutum 11,000, galibi a Arewa.

Saboda haka kada ku ɓoye mara lafiya a ɗaki. Wanda ba a rubuta ba, ba a aiko wa unguwarsu magani.

Ku kuwa mahukunta, ranar karɓar kuɗin rumfa ba ku taɓa manta kowa ba. To, ku ƙidaya marasa lafiyarmu haka nan, ku karanta mana adadin kowace unguwa a bakin kasuwa kowane mako. Haƙƙinmu ne, ba alfarma ba ce.

Allah ya ba mu sawaba, amin.