Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Jawabi a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai



Kwamitin shirya taro ne ya nemi in ɗan yi bayani a kan abin da ya sa 'yan ajinmu suka laƙaba mini Sarkin Latse-latse, wato hulɗata da kwamfuta da wayar hannu, da kuma yadda ɗan fansho zai mallaki irin waɗannan kaya ba tare da ya taɓa kuɗin cefane ba.

Lokacin da na fara taɓa kwamfuta a ofis, a kan wani ɗan faifai muke ajiye aikinmu, wanda cikinsa bai wuce megabait 1.44 ba. Yau hoton jika guda ɗaya da aka ɗauka da waya ya fi ƙarfin wannan faifai. Wayar salula kuwa sai a 2001 ta bazu a ƙasar nan, ga shi yanzu ta nan albishirin shigar fansho yake iso mu.

Kullum bayan na karya kumallo, nakan duba cajin batir tun wuta ba ta ɗauke ba, in karanta jaridu a waya, sannan in shigar da lissafin gida a kwamfuta. Ran Asabar kuma nakan zaga Farm Centre ko Titin Beirut a nan Kano, sau da yawa ba don in sayi kome ba, sai don in ji farashi, tun da matambayi ba ya ɓata.

Kwamfutar da nake aiki da ita ta hannu ce, ta kuma haura shekara goma. Abu biyu kawai na yi mata. Na cire tsohon ma'ajinta mai juyawa na sa irin wanda ake kira SSD, na kuma ƙara mata ƙwaƙwalwa zuwa gigabait 8. Da can sai in kunna ta in je in haɗa shayi in dawo, yanzu kuwa kafin in gyara zama ta buɗe.

To amma a nan akwai abin lura. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya yaye Windows 10, in ban da ɗan ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista. Tsofaffin kwamfutoci da yawa kuma ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Saboda haka in ka ga an karyar maka da farashi ƙwarai, tambayi dalili, domin na'urar da aka daina toshe mata ɓaraka kamar gida ne da katangarsa ta zube. Ni dai tawa Linux Mint na ɗora mata, kyauta ake samunsa, yana kuwa yi mini wasiƙa da lissafi lafiya lau.

Haka zancen yake ga waya ta hannu. Latsa *#06#, wata doguwar lamba za ta fito, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali. Tambayi ko wace Android ce a ciki, domin tun Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan wadda ba ta kai ta 5 ba. Kada kuma ka bar shagon sai da rasit, don wayar sata tana iya kai dattijo ofishin 'yan sanda da furfurarsa.

Manhajojin kyauta su ma a yi hattara da su. In manhajar tocila ta nemi izinin ganin lambobin mutanenka, me ya haɗa haske da wannan? Wasu masu ba da rance ta waya da haka suke samun lambar surukinka, ran da biya ya yi jinkiri su aika masa da saƙon cin mutunci.

Jama'a, ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya nuna mana cewa wanda bai iya tura kuɗi da hannunsa ba, sai ya miƙa wayarsa da lambar sirrinsa ga wani. Fanshon shekara talatin da biyar na aiki bai kamata ya rataya a yatsan yaron maƙwabci ba. Banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirri, ko lambar nan da ake turowa ta saƙo. Duk wanda ya nema, kashe wayar.

Malamanmu sun koya mana cewa gemu ba ya hana neman ilimi. Bayan an tashi ina nan bakin ɗakin taro, duk mai waya ko kwamfutar da ta gagare shi ya kawo mu duba tare, amma da sharaɗin shi zai latsa da kansa.