Tsatsa a Jikin A-kori-kura: Jawabi ga Direbobi da Masu Walda na Birnin Kudu da Gwaram



Mun taru ne a kan a-kori-kura, motar da take kai hatsinmu kasuwar Sara, take kawo taki gona, take kuma ɗaukar marar lafiya zuwa asibitin tarayya na Birnin Kudu cikin dare. Da yawa daga cikinsu Peugeot 504 ne. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya daina yin 504 a 2006. Ke nan ko autarsu ta manyanta. Inji yakan jure, amma tsatsa tana cinye jiki a ɓoye.

Me yake kawo ta? Ruwa da iska ne suke cin ƙarfe. Takin zamani da gishiri da kanwa suna ƙara mata sauri, domin suna jan laima. Laka takan maƙale a madigadi duk damina, ruwa kuma ya kwanta ƙarƙashin tabarmar direba.

Saƙonmu ɗaya ne: ba a rufe tsatsa, yanke ta ake yi. Wanda ya shafe rami da fila ya fesa fenti, ya ɓoye ciwo ne kawai. Bayan damina ɗaya fenti zai kumbura. Araha ba ta ado.

Ga yadda muke roƙo a yi aikin.

Na ɗaya, a duba shasi tukuna, musamman inda sifirin yake kamawa. In guduma ta huda shi, gyaran bodi ɓarnar kuɗi ne sai an gyara shi.

Na biyu, a cire kan batir. In aikin yana kusa da tankin mai, a sauke tankin a kai shi nesa. Tankin da babu mai a ciki ma yana fashewa, saboda tururin da ya rage. A kare wayoyi da bututun birki.

Na uku, a yanka har a tarar da ƙarfe mai haske. Amma kafin a yanka, a sami abin da za a sa. Ƙofa ko madigadi na hannu ana nemansu a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. In faci za a yi, a nemi falle mai kauri daidai da na motar, wajen milimita 1. Kada a sa kwanon rufi: ya yi siriri, kuma hayaƙin tutiyar da take jikinsa yana sa zazzaɓi.

Na huɗu, a gwada kafin a ƙona. A ɗaura sabon ƙarfen, a rufe ƙofa a buɗe, a ga tazara ta daidaita sama da ƙasa. Baki ya haɗu da baki. In an ɗora wani kan wani, ruwa zai sami wurin kwana a tsakani.

Na biyar, a yi walda ɗigo-ɗigo, nan da can, ana barin ƙarfe ya huce. Zafi mai yawa a wuri ɗaya yana lanƙwasa falle.

Na shida, a goge, a shafa jan fentin hana tsatsa ciki da waje. Bayan faci ne aka fi mantawa, daga can kuwa take dawowa. Fila kada ta wuce milimita 3. A bar ramukan fitar ruwa na ƙasan ƙofa a buɗe.

Masu mota, kuna iya gwada aikin da maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa, fila ce ta yi yawa. Ku kai gyara da rani, ƙarfe yana bushe, ku kuma ba mai walda lokaci. In kun sauke taki, ku wanke bodi a ranar.

Ƙasan mota da ya ruɓe yana shigar da hayaƙin salansa wurin fasinja, yana kuma iya ɓurmawa da mutum a kai. Rayuka muke ɗauka.

Allah ya kiyaye hanya.