Lissafin Gudu, Nisa Da Lokaci: Jawabi Ga Iyaye Da Direbobinmu

 

Abin da ya kawo mu yau wani ɗan lissafi ne da 'ya'yanmu ke koyo a firamare, amma mu manya muka fi su bukatarsa, tunda abincinmu a kan hanya yake. Abu uku ne: gudun mota, nisan hanya, da lokaci. In ka san biyu, na ukun ba ya ɓuya. Ka raba nisa da gudu, lokaci ya fito. Shi ke nan.

To, mu gwada. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne. Motar tumatir mai cin kilomita 50 a awa ɗaya, awa 20 za ta yi. Amma wa ya taɓa ganin an yi ta a haka? Akwai salla, cin abinci, shan mai, shingayen bincike, ga faci, ga barci. In waɗannan suka cinye awa 10, tafiya ta zama awa 30. A raba 1,000 da 30, ashe gudun motar na gaskiya kusan 33 ne kawai, duk abin da allura ta nuna. Wannan ne lissafin da ya kamata mai kaya ya yi tun kafin ya cika wa dillalinsa na kasuwar Mile 12 baki, don tumatir ba ya jiran kowa.

Inda muke so direbobinmu su kasa kunne shi ne nan. Mutum ya ɓata awa biyu a tasha, sai ya ce zai fanshe tsakanin Ibadan da Legas. Mu ɗauka kilomita 120 ne, don sauƙin lissafi. A gudun 80, awa ɗaya da rabi. A gudun 100, awa ɗaya da minti 12. Jama'a, minti 18 kacal ya samu! Awa biyun kuwa tana nan, ba ta dawo ba. A kan minti 18 ɗin nan ake kifar da kaya, ake kai mana gawa Sabo, a bar mu da marayu.

Muna roƙon iyaye, in an koma gida, a ba yara nisan garinku su fitar da awoyin da kansu. Masu tambaya kuma, bismilla.