TIBI BA A HUHU KAƊAI YAKE BA
Jawabin da aka gabatar a taron shekara na tsofaffin ɗalibai



An ce likita ya yi magana amma kada ya tsawaita, don abinci na jira. To, zan taƙaita.

Malaminmu na ilmin halittu, ga shi can zaune, Allah ya ƙara masa lafiya, shi ya fara gaya mana cewa wani Bajamushe, Robert Koch, ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882. Abin da ban sani ba sai da na shiga aiki shi ne, wannan ƙwaya tana cin fata, mutum ko tari ba ya yi.

Wani magidanci, sa'anmu, ya zo mini da gyambo a wuya yana zubar da mugunya. Da fari kaluluwa ce ta fito, ba zafi, ta yi laushi, ta fashe. Wanzami ya tsaga, an yi rubutu, gida an ce sammu ne. Ni kuma, in faɗi gaskiya, wata biyu ina ba shi maganin maruru. Sai da na tambaye shi abin da yake sha, ya zaro firedinisolon daga aljihu, wanda yake saye a kemis saboda ciwon gwiwa. Ga kuma ciwon sukari. Aka yanki ɗan naman gyambon aka auna, sai ga tibi.

Ga yadda abin yake. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya ƙwayar ta taɓa shiga jikinsu, amma garkuwar jiki ta tsare ta wuri ɗaya, ta yi likimo. Ranar da garkuwa ta raunana, ta dalilin ƙanjamau, ko sukari, ko maganin daji, ko irin ƙwayoyin nan da wasu mata ke sha don su yi ƙiba, sai ta farka. Takan ɓullo ta fata daga kaluluwa ko ƙashin da ke ƙasa. Wani lokaci tabo ne ja-ja a fuska, yana faɗaɗa a hankali shekara da shekaru har ya ci hanci. Mahauta kan same ta a hannu, da kaushi kamar tsiro, in sun yanke wajen fiɗar saniya mai cutar. Mai ƙanjamau da ya yi nisa kuwa, ƙwayar kan bi jini ta feso ƙananan ƙuraje ko'ina, ga zazzaɓi da rama. Wannan ita ce mai kisa, ba ta jira.

Abin da ke ruɗa mu likitoci, gwajin allura na fata kan nuna babu komai ga mai raunin garkuwa, alhali cutar na nan. Shi ya sa ake aunawa daga naman, yau kuma ga na'urar GeneXpert da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010.

Maganin ɗaya ne da na huhu: iri huɗu wata biyu, sannan iri biyu wata huɗu, kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati. Ɗayansu, rifamfisin, yana mayar da fitsari ja, kada a tsorata. Gyambon kan kame tun magani bai ƙare ba, a nan mutane ke yaudarar kansu su daina sha, ƙwayar ta dawo ta fi ƙarfin magani.

Kuma duk wanda aka samu da tibi za a nemi ya yi gwajin ƙanjamau da na sukari. Ba zargi ba ne, Alhaji, ƙa'ida ce. Mutumina ya ƙi da fari, har muka yi 'yar hayaniya, daga baya ya yarda. Ya warke, sai tabo ya rage, rawani ya rufe shi.

Mai gyambon da ya wuce wata bai kame ba, nasa ko na iyalinsa, ina nan bayan sallar la'asar.